Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Man Ƙaiƙayi Na Kantar Kemis

Zuwa ga mai girma Man Shafawa,
Kanta ta sama, shagon kemis na bakin layi.

Ina fata takardar nan ta same ka lafiya cikin kwalinka. Ranka ya daɗe, maƙasudin rubuto ta shi ne in kai maka kukan fatar idona, tunda na yi da baki ba ka ji ba.

Ba zan tauye maka haƙƙi ba, kana kwantar da ƙaiƙayi. Da hunturu ya shigo, fatar ido ta bushe, ta yi ja, ta kumbura, ta soma saɓa, kai mai kemis yake miƙowa, ba takardar likita, ba tambayar inda za a shafa ka. Kafin mako ya zagayo wuri ya yi sumul. Amma da an ajiye ka sai ciwon ya dawo, wani lokaci ma ya fi na da zafi, sai a sake komawa gare ka. Wannan shi ne kukana na farko.

Na biyu ya fi ci mini rai, don Allah ka kasa kunne ko sau ɗaya. A gefen kwalinka, da ƙananan baƙaƙen da mai kumburarren ido ba zai iya karantawa ba, an rubuta clobetasol ko betamethasone. Likitar fata ta faɗa mini cewa sitiroyid ne masu ƙarfi, wurinsu fata mai kauri, irin ta tafin hannu da gwiwa. Fatar ido kuwa babu wadda ta kai ta rashin kauri a jikin ɗan Adam, ko milimita 1 ba ta kai ba, shi ya sa take zuƙe ka da sauri. In aka daɗe ana shafa ka sai ta ƙara sirancewa, ƙananan jijiyoyi su fito fili. Kana iya jawo yanar ido. Kana iya tayar da hawan jinin ido, wato gilakoma, wadda take cin gani a ɓoye ba tare da ciwo ba, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Maganar da ta shafi makanta, ranka ya daɗe, ita ce za a ɓoye a lungun kwali?

Na uku, kana rufa wa masu laifi asiri. Egzimar fatar ido, wato wannan ciwon nawa, sau da yawa daga abin da ya taɓa ta take tashi: turare, sabulu mai ƙamshi, hayaƙin turaren wuta, kwalli da jagira, rinin gashi ko baƙin lalle mai sinadarin PPD, har jan farcen da yatsa ke kai wa ido. Neomycin da ake cakuɗawa cikin wasu 'yan uwanka ma yana cikin abubuwan da fata ke yi wa bore. Kai sai ka danne ƙaiƙayin, mutum ya ci gaba da amfani da abin da ke cutarsa. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ina sanar da kai abin da likita ta ɗora ni a kai, ko da yake na san ba za ka amsa ba. Basilin mara ƙamshi sau da yawa a rana, musamman bayan alwala, tun fuska na da danshi. Tsumma mai sanyi a maimakon susa. In ciwon ya tashi, hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100 na 'yan kwanakin da ita ta ƙayyade, ko tacrolimus, wanda ba sitiroyid ba ne kuma ba ya sirantar da fata, illa yana ɗan raɗaɗi da farko. Akwai kuma gwajin da ake manna sinadarai a bayan mutum na kwana 2 don a gano wanda fatarsa ba ta so. Ciwon bai rabu da ni gaba ɗaya ba, amma yanzu na san abin da ke tayar da shi.

Haƙurina ya ƙare. Ka tsaya inda likita ya aike ka, ka fita harkar idon mutane. Masu kemis, ku riƙa tambaya kafin ku miƙa. Duk wanda ya shafe watanni yana shafa wannan mai kusa da ido kuma, ya je asibitin ido a auna masa hawan jinin idonsa.

Wassalam.

Taka,
Wata mai fama da fatar ido.