Ƙiyasin Wani Magidanci a Kan Fijo Marar Rufi

Daga cikin motocin da kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya ƙera, babu wadda ta shiga rayuwar mutanen Arewacin Nijeriya kamar samfurin 504, wadda aka fito da ita a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, sannan aka riƙa harhaɗa ta a masana'antar Kaduna tun daga 1975 har cikin shekarun 2000. Sai dai ba kowa ya san cewa lambar 504 ta tattara 'yan'uwa masu halaye mabambanta ba, domin bayan salun mai ƙofa huɗu, da wagon ta tasha, da a-kori-kura, akwai wata mai ƙofa biyu da ake kira kabriyole, wato mota mai rufin yadi wanda ake naɗewa a kwantar da shi a baya, ta yadda fasinja zai zauna babu komai tsakaninsa da sararin samaniya. An fara nuna ta a baje kolin motoci na Janiba a 1969, aka daina ƙera ta a 1983, kuma duk abin da aka yi bai wuce kimanin guda 8,000 ba.

Ɗaya daga cikin waɗannan ce ta faɗa hannun wani magidanci a Kaduna, malamin makaranta mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu da suruka mai yawan ziyara, wanda ya sami motar lulluɓe da ƙura a garejin wani tsohon gida, ya kuma yanke shawarar mayar da ita motar iyali. Bai yi hakan da ka ba, domin ya gina shawararsa a kan ƙiyasi, wato auna hukuncin abin da ba a sani ba da na wanda aka sani, kuma hujjojinsa uku ne: cewa kayan gyaran 504 sun cika kasuwar Panteka, cewa babu bakaniken da bai san cikinta ba, da cewa motar da ba ta da rufi ba ta buƙatar na'urar sanyaya iska. Kowace hujja tana da kyan ji, amma malaman usulu sun daɗe da sharɗanta cewa ƙiyasi ba ya inganta idan akwai bambanci na asali tsakanin abubuwan biyu, Bahaushe kuma ya taƙaita zancen da cewa kama da wane ba ta wane.

Hujja ta farko ta rushe ne a kan fitilar baya guda ɗaya da ta fashe. Gangar jikin kabriyole aikin kamfanin Pininfarina ne na yankin Turin a Italiya, wanda ya zana ta ya kuma ƙera ta kafin a kai ta Sochaux a Faransa a ƙarasa haɗawa, saboda haka ƙofarta da bonet ɗinta da fitilunta ba sa shiga jikin salun, na salun ma ba sa shiga nata. Magidancin ya zaga rumfunan Panteka da fasasshiyar fitila a hannu, 'yan kasuwa suna karɓa suna jujjuyawa, har wani dattijo ya rantse masa cewa ya yi shekaru yana yanka Fijo amma bai taɓa ganin wannan a jikinta ba, ya kuma ba shi shawara cikin tausayi da ya koma ya binciki wanda ya sayar masa.

Hujja ta biyu ta fi ta farko saurin mutuwa. Fijon da bakanikenmu suka saba da ita tana shan mai ta kafireta, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, alhali wannan kabriyole tana ɗauke da famfon Kugelfischer na Jamus, wanda yake auna fetur ya fesa wa kowace silinda rabonta, kuma saitinsa yana buƙatar kayan awo da haƙurin da ba a samu a gindin bishiya. Bakaniken ya buɗe bonet da gadarar wanda ya san gida, ya nemi kafireta domin ya kwance ta ya hura mata baki kamar yadda aka gada, ya duba dama ya duba hagu, sannan ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, an cuce ka, wanda ya sayar maka ya cire kafireta." Maganin da ya kawo shi ne ya tumɓuke famfon da bututunsa ya dasa kafiretar salun, motar kuwa ta tashi, sai dai da wannan aiki na yini guda an zubar da babban kaso na darajarta a idon masu tara tsofaffin motoci, waɗanda ba sa yafe a taɓa kayan asali.

Hujja ta uku ce ta fi cancantar dogon nazari, domin an gwada ta a kan iyali gaba ɗaya, a tafiyar biki daga Kaduna zuwa Zariya, tsakiyar hunturu. Matsalar ta fara tun a ƙofar gida. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya a kabriyole mita 2.55 ce, a salun kuwa 2.74, kuma wannan santimita 19 da aka rage daga wurin ƙafafun na baya aka yanke ta, ga shi ramin da rufi yake kwanciya ya ƙara matse kujerar daga gefe biyu. Irin wannan tsari masu ƙera motoci suna kiran sa 2+2, ma'ana manya biyu a gaba da wasu biyu a baya waɗanda ba a damu da ra'ayinsu ba. Girmamawa ta ba suruka kujerar gaba, uwargida ta shige baya da yara huɗu, kular abincin gudummawa kuma ta hau cinyar babban ɗa saboda but ya cika da jakunkuna.

Akwai wata ƙa'ida ta motsin iska da magidancin bai karanta ba. Idan buɗaɗɗiyar mota tana gudu, iska tana hawa gilashin gaba ta tsallake kan direba, sannan ta murɗo ta dawo daga baya ta daki ƙeyar waɗanda ke kujerar baya, don haka direba yana jin daɗin shaƙatawa a daidai lokacin da iyalinsa suke cikin guguwa. Kafin Rigachikun gyalen uwargida ya naɗe fuskar autanta, a Maraban Jos ɗankwalin babbar 'ya ya tashi ya bi wata tirela, wajen Jaji kuma hular maigidan da kanta ta yi sallama, lamarin da ya sa a karon farko ya amince cewa akwai iska. Sun isa gidan biki fari fat tun daga gira har takalmi, har wata gwaggon amarya ta tambaya ko daga injin niƙa suke. Surukar, wadda kunyar surukuta ta hana ta yi masa magana kai tsaye, ta juya ga 'yarta ta ce, "Ke, tambayi maigidanki, sauran motar yaushe za a kawo?"

A hanyar dawowa aka yanke shawarar ɗaga rufin, sai aka tarar yadin ya ƙeƙashe a naɗe, tagar roba ta baya ta yi duhu ba a ganin komai ta cikinta, da aka ja da ƙarfi kuma ya tsage tun daga tsakiya. Wanda ya ɗinka sabo mai yi wa Keke Napep tamfol ne, ya kuma yi aikin da kayan da ya saba da launin da ya saba, abin da ya jawo mutane suka riƙa tsayar da motar a bakin titi suna faɗin unguwar da za su. Da damina ta kankama aka gano cewa ɗinkin yana tara ruwa ya sauke shi daidai kan kujerar gaba ta dama, har uwargida ta koma shiga mota da lema.

Daga nan al'amarin ya wuce abin dariya, domin rufin ƙarfe a mota yana cikin abin da ke riƙe gangar jiki, idan aka cire shi sai nauyin aikin ya koma kan daɓen ƙasa da ginshiƙan gefe, waɗanda ruwan da ke kwanciya a ƙarƙashin kafet yake ci da tsatsa a ɓoye. Haka kuma dokar ɗaura bel a kujerar gaba ta fara aiki a Faransa ne a 1973, ta kujerar baya kuwa sai 1990, shekara bakwai bayan an daina ƙera motar, ita kuwa wannan ba ta da bel a baya, don haka yara huɗu suna zaune ba abin da ya riƙe su, ba rufin da zai tare su idan mota ta kife, kuma yaro a buɗaɗɗiyar mota ba ya rabuwa da sha'awar miƙewa tsaye. Motar ba ta da laifi a cikin wannan duka, tun da an yi ta ne domin mutum biyu masu ƙaramar jaka da ke yawon shan iska a gaɓar teku, kuma a wannan aiki har yau tana cikin mafiya kyan abin da Peugeot ya fitar.

Uwargida ce ta rufe babin, a daren da ta ce masa, "Malam, ko dai ka sayi mota, ko ka ba mu kuɗin tasha." Ya sayi tsohuwar 504 wagon mai layin kujeru uku, wadda kayanta suke Panteka da gaske. Kabriyole kuwa tana nan a ƙofar gida an cire mata tamfol, angwaye suna hayar ta ranar Asabar su ɗauki hoto a cikinta ba tare da an tayar da inji ba, kuma kuɗin hayar ne yake sayen man wagon.