Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Na'urar Gwajin Suga

Bayan gaisuwa da fatan batirinki bai yi sanyi ba, na kawo ƙararki ne wurinki, tunda ba ki da ubangidan da za a kai wa.

Malama, bakinki ba ya riƙe sirri. Mutum ya je walima, a ajiye masa masa da miyar taushe, ya kora da lemon kwalba don kada a ce ya raina mai gida, ya dawo ya goge baki ya yi tsit. Gari na wayewa, da ɗigon jini ɗaya kin tona masa asiri. Likita ya ce kafin karin kumallo a nemi tsakanin 80 da 130, ke kuwa sai ki rangaɗa 240 ko kunya babu. Hajiya ta leƙo ta bayan kafaɗa ta ce, "Alhaji, ashe walimar ta yi armashi." Shi ke nan, an yanke hukunci: tuwon acha ɗan dunƙule, wake, kwaɗon zogale, shayi ba sukari, da zagayen unguwa a ƙafa bayan la'asar.

Kuma ba kullum kike da gaskiya ba. Wanda ya taɓa dabino ko mangwaro bai wanke hannu ba, zaƙin da ke kan yatsa kike karantawa, ba na cikin jini ba. Tsinken gwajinki in zafin Afrilu ya dafa shi a aljihun mota, ko wa'adinsa ya wuce, sai ki kama sambatu. Maganar tsinken nan ma ita ce babbar ƙarata. Ke kamar amarya ce mai sauƙin sadaki, mai tsadar cefane: an saye ki sau ɗaya, tsinke kuwa kullum sai an saya, kuma na wata na'urar ba ya shiga bakinki. Ga kuɗin metformin, ga masu allurar insulin suna fama da ɗaukewar wuta, har wasu na ajiye kwalbarsu a sanyin randa.

Na san masu yi miki wayo. Ranar asibiti na matsowa su ƙaurace wa kunun zaƙi, su je wa likita da lambobi tsaf-tsaf. Ba su san kina da yaya a ɗakin gwaji ba, HbA1c, wadda ke tono lissafin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Wannan ba ta karɓar toshiya.

Amma ba zan ci haƙƙinki ba. Da azumi, mai shan magani ya ji hannu na karkarwa, zufa mai sanyi na keto masa, zuciya na dukan uku-uku, ke ce mai raba gardama. In kin nuna ƙasa da 70, ko sama da 300, likitoci sun ce a karya azumin nan take, ko da saura kaɗan a kira magariba, addini kuma ya yi wa mara lafiya rangwame. Haka mai lasifikar tasha da ke rantsuwa garin maganinsa na kashe suga har abada, a zubar da ƙwayar asibiti. 'Yan uwa na jin nauyin ƙaryata shi, ke kuwa bayan mako guda sai ki nuna wa wanda ya saya abin da ya saya.

Roƙona biyu ne. Ki rage ƙarar nan taki ta "ƙit", ita ke tashin Hajiya daga barci. Sannan ranar 14 ga Nuwamba, ranar masu ciwon suga ta duniya, wadda aka ɗora kan ranar haihuwar Frederick Banting, wanda shi da Charles Best suka gano insulin a Toronto a 1921, ki ba mu hutu mu ma mu yi shagali. Na roƙi likita ya sa mana baki, ya ce a ranar ma gwajin kyauta ake yi wa jama'a.

Naki mai yatsu duk huji,
Wani bawan Allah