Ire-iren Masu Gina Gida a Cikin Waya

Kalkuletar bashin gida wata 'yar manhaja ce da bankuna da kamfanonin dillancin gidaje ke sakawa a shafukansu na intanet, kuma aikinta bai wuce ta karɓi lambobi huɗu ta mayar da amsa ba. Mai neman bashi yana rubuta uwar kuɗi, wato adadin da yake so a ranta masa, da kuɗin ruwa, wato abin da banki ke ɗorawa a kan kowace naira ɗari a shekara, da yawan shekarun da zai ɗauka yana biya, da kuma abin da yake samu a wata. Ita kuwa sai ta faɗa masa nawa za a riƙa cira daga albashinsa, da kuma ko ya kai a saurare shi. Ba ta neman shaida, ba ta sa a yi rantsuwa, ba ta kuma ƙosawa da maimaici, shi ya sa halin da mutum zai ɓoye a gaban manajan banki yake fitowa fili a gabanta.

A Najeriya yawancin masu wannan lissafi idonsu yana kan Asusun Gidaje na Ƙasa ne, wanda aka kafa da dokar soja a 1992 aka kuma damƙa shi a hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Ana cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci ana zubawa a asusun, kuma wanda ya yi aƙalla wata shida yana zubi yana iya neman rance a kan ruwan kashi 6 cikin ɗari a shekara, ya biya cikin wa'adin da zai iya kaiwa shekara 30, bisa sharaɗin kada biyan wata ya haura sulusin abin da yake samu. Bankunan kasuwanci kuwa ruwansu yakan haura kashi 20, abin da ba zai ba da mamaki ba tun da ma'aunin ruwa na Babban Bankin Najeriya kansa ya kai kashi 27.5 a watan Nuwamban 2024.

Wanda ya fi yawa a cikin masu amfani da kalkuletar shi ne mai kumbura albashi. Yakan fara da gaskiya, ya rubuta abin da ke shiga asusunsa a ƙarshen wata, amma da zarar manhajar ta nuna masa cewa rancen naira miliyan 10 na shekara 30 yana bukatar kusan naira 60,000 kowane wata, saboda haka yana bukatar mai samun naira 180,000, sai ya tuna da wasu kuɗaɗe da ya manta. Ya tuna da alawus ɗin tafiya da aka taɓa biyansa shekara biyu da suka wuce, ya raba shi gida goma sha biyu ya zuba. Ya tuna da ariyas ɗin da ƙungiyar ma'aikata ke cewa gwamnati ta amince da shi. Ya ƙara da ƙarin girman da yake jira, da ribar kajin uwargida, da hayar babur ɗin da ya ba ƙaninsa wanda rabonsa da kawo balas tun kafin azumi. Idan bayan duk wannan amsar ba ta sauya ba, yakan ƙara sifili ɗaya domin ya ga yadda abin zai kasance, kuma a wannan matakin ne yake ɗaukar hoton fuskar wayar ya ajiye. Ba maƙaryaci ba ne a ma'anar da shari'a ta sani, domin babu wanda ya yaudara sai kansa, kuma shi ma na ɗan lokaci ne.

Ɗan'uwansa na kusa shi ne mai jan wa'adi, wanda ya gano cewa duk lokacin da aka ƙara shekaru biyan wata yakan ragu, ya kuma ɗauki wannan a matsayin sirrin da bankuna ke ɓoye wa talakawa. Miliyan 10 ɗin nan a shekara 15 tana cin kimanin naira 84,400 a wata, a shekara 30 kuwa ta sauko zuwa kusan 60,000, kuma idonsa a nan yake tsayawa. Layin da ke ƙasa, wanda ke nuna cewa jimillar abin da zai biya ta tashi daga miliyan 15.2 zuwa miliyan 21.6, yakan ce ƙananan rubutu ne kuma tabaraunsa na gida. Abin da ya fi ban sha'awa a lamarinsa shi ne sau da yawa shekarunsa 55 ne, alhali ƙa'idar aikin gwamnati ta yanke ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa, kuma banki yana auna wa'adi ne da shekarun albashin da suka rage. A shekara biyar ɗin da suka rage masa, rancen zai ci sama da naira 193,000 a wata. Tun daga 2022 hukumar fansho ta ƙasa ta ba ma'aikaci damar ɗibar har kashi 25 cikin ɗari na ajiyar fanshonsa ya biya kafin alƙalami, wato kason da mai saye ke fara ajiyewa daga aljihunsa kafin banki ya cika sauran, kuma wannan labari ya ƙara masa ƙarfin gwiwa matuƙa, ko da yake bai rage masa shekara ko ɗaya ba.

Akwai kuma mai yawon neman fatawa, wanda bai yarda da amsar kalkuleta ɗaya ba. Idan ta bankin farko ta ce bai cancanta ba, sai ya ce netwok ne. Idan ta biyu ta maimaita, sai ya ce ai bakinsu ɗaya. Daga nan ya zarce har sai ya faɗa wani shafi na Amurka ko Ingila, inda ya rubuta albashinsa na naira a gurbin dala ko fam, aka kuma yi masa albishir da gida mai lambu da wurin ninkaya. Wannan amsar ita ce yake ɗauka sahihiya, sauran kuwa yakan ce ba a sabunta su ba.

Mai gudun riba al'amarinsa ya fi na sauran nauyi, kuma bai kamata a haɗa shi da su a dariya ɗaya ba, domin damuwarsa ta addini ce kuma tana da tushe. Sai dai shi ma yana da rassa. Akwai wanda ya tsaya a kan matsayinsa, ya rufe shafin, ya koma tara kuɗi, kuma babu abin cewa game da shi. Akwai kuma wanda yake buɗe kalkuletar da tsakar dare, ya rubuta sifili a gurbin ruwa, ya raba miliyan 10 gida 360, ya sami kimanin naira 27,800, ya yi hamdala ya kwanta. Washegari ya nufi ɗaya daga cikin bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 ko TAJBank da ya biyo baya a 2019, inda za a yi masa bayanin murabaha, wato banki ya sayi gida ya sayar masa a kan ribar da aka ƙayyade tun farko, ko ijara, wato ya zauna a matsayin ɗan haya har mallaka ta dawo hannunsa. A nan ne yake gano cewa halaccin ciniki daban, araha daban, kuma ya fito yana mamakin yadda aka yi banki ya ƙi sayar da gida a kan farashin da ya saye shi.

Ɗan kasuwa kuwa matsalarsa ta juye. Mai shago a Kantin Kwari ko a Singa yana iya juya kuɗin da ya ninka albashin darakta, amma gurbin da aka rubuta "abin da kake samu a wata" tambaya ce da bai taɓa yi wa kansa ba, kuma yana ganin amsa ta a fili rashin kunya ne, ban da tsoron baki da na jami'an haraji. Yakan miƙa wa yaronsa wayar ya ce, "Sa musu wani abu kaɗan." Yaron ya sa kaɗan, manhajar ta ce Alhaji bai cancanci rancen ɗaki biyu ba, Alhaji ya yi murmushi ya ce dama ya faɗa. Idan aka gwada masa ta bankin kasuwanci a kan ruwan kashi 25 na shekara 15, ya ga biyan wata ya kai kimanin naira 213,500, kuma a watan farko sama da 208,000 daga ciki ruwa ne zalla, abin da ya taɓa uwar kuɗi bai fi naira 5,000 da 'yan kai ba, sai ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu. Wannan mutum ya fahimci jadawalin biyan bashi cikin daƙiƙa goma, fiye da yadda mai jan wa'adi zai fahimce shi a shekara.

Mai takardar mai unguwa shi ne wanda lissafi ya yi masa daidai ta kowace fuska, albashi ya isa, shekaru sun isa, ya kuma tanadi kafin alƙalami, har ya fara zaɓen launin fenti. Abin da ya rage shi ne jingina, wato kadarar da banki zai riƙe ya sayar idan biya ya gagara. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sanya filayen kowace jiha a hannun gwamna, saboda haka banki yana neman takardar shaidar mallaka da gwamnati ta bayar, kuma jinginar da ita ma sai da amincewar gwamna. Shi kuwa abin da ke cikin jakarsa takardar cinikayya ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu uku, biyu daga cikinsu sun rasu, kuma filin na gado ne da magada goma sha ɗaya ba su gama magana a kansa ba. Babu kalkuletar da ke da gurbin wannan tambaya, alhali a kanta ne takardun mutane da yawa suke kwana a ofis har su yi ƙura.

Ba a rasa mashawarcin majalisa, wanda ke zaune a gidan haya ko a shagon ƙofar gidan mahaifinsa, yana kuma lissafa wa kowa nasa kyauta. Ya haddace kason kowane banki, yana gyara wa mutane kuskure tun kafin su gama magana, kuma bai taɓa cike fom ba.

Wadda ta fi kowa amfani da manhajar yadda ya kamata ita ce uwar adashi, ko da yake sau da yawa ba a wayarta ake lissafin ba. Idan maigida ya nuna mata cewa sulusin albashi kawai za a riƙa cira, ita sulusi biyun da suka rage take tambaya, ta shiga jero abubuwan da masu tsara manhajar ba su taɓa jin labarinsu ba: kuɗin makarantar boko da na Islamiyya, buhun masara, gas da gawayi, mai kurar ruwa, kayan sallah, ragon layya, gudummawar biki da suna, kayan ɗakin 'yan mata biyu da suka tasa, da 'yan'uwan da ke zuwa daga ƙauye ganin likita su wuce wata. Ta kuma san cewa a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, kamar yadda aka gani a ƙarshen 2024, biyan banki yana nan inda yake amma sulusi biyun nan ne ke ƙanƙancewa. Hukuncinta yakan zama gajere: "Malam, a bari a ɗauki adashi a sayi bulo." Ta wannan hanya aka gina unguwanni da dama a gefen Kano da Kaduna da Zariya, ɗaki ɗaya bana, rufi baɗi, filasta idan Allah ya hore, kuma ana shiga gidan tun tagoginsa na buhu.

Saura mutum ɗaya, wanda ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya kuma zargin netwok. Ƙaramin ma'aikaci ne da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, ana kuma cirar masa kason asusun gidaje kamar kowa. Sulusin albashinsa naira 23,300 ne da 'yan kai, kuma a kan ruwan asusun gidaje da wa'adinsa mafi tsawo, rancen da wannan kuɗi zai iya ɗauka bai kai naira miliyan 4 ba, a kowace kalkuleta aka gwada.