Majigi Ya Tsufa, Hali Ya Fito

In kana son sanin halin magidanci, ba sai ka tambayi abokansa na majalisa ba. Jira ranar da majigin falonsa ya fara tsufa. Na'urar da aka rataye a silin shekara goma da suka wuce, aka gayyato dangi suka yi ta santi, yau fankarta sai gurnani, hoton ya dushe, ga sababbi masu leza da 4K sun cika kasuwa. Tambayar guda ce: a canza, ko a ci gaba da lallaɓawa? Da ido da aljihu ya kamata a amsa ta, amma galibi hali ne ke riga su buɗe baki. Ga mutanen da za ka tarar.

Mai "lafiyarsa ƙalau"

Ya sayi nasa wajen 2013, lokacin da BenQ W1070 ke tashe, kuma a wurinsa tun daga ranar masu ƙira suka rufe masana'anta. Ba taurin kai ne kawai ba, ƙwan majigin ne ke masa wayo. Irin wannan ƙwai ba ya cika mutuwa farat ɗaya. Yawanci awa 3,000 zuwa 5,000 ake ɗibar masa, kuma sannu a hankali yake dushewa, har hasken ya ragu da kusan rabi mai shi bai ankara ba, don kullum idonsa na sabawa. Baƙo ne ke gani. Jar rigar Arsenal ta koma ruwan ƙasa, duk inda aka ɗauka da dare a fim kuwa sai dai a bi labarin da kunne.

"Baba, ba ma ganin komai fa."

"Dare ne a fim ɗin. Me kake son gani da dare?"

Ranar da rubutu ya fito a allo cewa lokacin canza ƙwai ya yi, sai ya ɗauki rimot, ya shiga saiti, ya mayar da lissafin awannin sifili. Rubutun ya ɓace. Ya gyara zama yana murmushin wanda ya yi babban gyara, ya ce ai da tsohuwar zuma ake magani.

Mahaddacin lambobi

Ka ce masa ina kwana, ya ce maka 3840 sau 2160. Ya san hoton 1080p ɗigo miliyan biyu ne da ɗoriya, na 4K kuwa miliyan 8.3. Ya san yawancin majigai masu sauƙin kuɗi da ake rubuta wa 4K ba su da ɗigon nan cif a cikinsu: gusa hoton suke yi da sauri, sau biyu ko sau huɗu, ido ya haɗa da kansa. Na ainihin sai irin su Sony da JVC, waɗanda kuɗinsu zai sayi mota. Duk gaskiya ne, kuma abin haushin ke nan.

Zai gaya maka Larry Hornbeck ne ya ƙirƙiro tsarin majigi na DLP a kamfanin Texas Instruments a 1987, sannan ya koya maka yadda za ka gilma ido ka hango bakan gizon da faifan launinsa ke haifarwa. Shekara da shekaru kana kallonka lafiya ba ka taɓa ganin sa ba. Daga ranar ba za ka daina gani ba. A daidai lokacin da ake shirin tona asirin mugu, sai ya tsayar da fim.

"Ku dubi kusurwar can. Tsakani da Allah, wannan baƙi ne ko toka?"

Abu ɗaya ne bai taɓa aunawa ba: tazarar kujerarsa. Allonsa inci 100 ne, shi kuma yana zaune mita biyar daga gare shi, alhali da an wuce kimanin mita huɗu, lafiyayyen ido ma da ƙyar yake bambance kaifin 1080p da na 4K a allo mai wannan girma.

Mai jiran dala ta sauko

Wannan ya yarda majigin ya tsufa. Ya ma zaɓi wanda zai saya tun farkon 2023, sai ya ce bari dai a gama zaɓe. Aka gama zaɓe, aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka saki naira a watan Yuni. Dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Kuɗin da ya ware wa sabon majigi suka koma kuɗin ƙwai da waya. Yanzu in dala ta ɗan sauko, sai ya ce ai an ce baɗi za a fito da wanda ya fi. In baɗin ta zo, sai ya ce bari na bana ya karye tukuna. Jiran gawon shanu ya zame masa sana'a, yaran da za a saya dominsu har sun tafi jami'a.

Mai tsintuwa

Yana cikin latsa waya ya ga talla: majigi ɗan ƙarami, lumen 9,500, yana karɓar 4K, kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa biyu ba. Ya yi dariyar masu kashe miliyoyi. Bai san ma'aunin haske da ake dogaro da shi ANSI lumen ba ne, kuma nagartattun majigan gida yawanci tsakanin 1,500 da 3,000 suke. Lambar da ke jikin kwalinsa mai tallan ne ya ga ta yi masa kyau. Abin ya yi yawa har kamfanin Epson ya riƙa maka irin waɗannan 'yan kasuwa a kotu a Amurka. "Yana karɓar 4K" kuwa ba ƙarya ba ne: yana karɓa, sai ya matse shi ya fito da 720p, wani ma ƙasa da haka.

Kaya suka iso, ya sauke tsohon, ya tara abokai. Hoton bai yarda ya bayyana ba sai da aka kashe har fitilar tsakar gida, in an daidaita tsakiya gefe ya yi hazo, in an daidaita gefe tsakiya ta tafi. Washegari da sassafe aka gan shi a kan tsani yana mayar da tsohon mazauninsa. "Wancan ai daman na yara ne." Araha dai ba ta ado.

Injiniyan gida

Duk cikinsu shi ya fi kusa da gaskiya, da zai tsaya inda ya kamata. Ya gane cewa ƙurar hunturu ce ke toshe matacin iska, na'urar ta ɗau zafi ta riƙa kashe kanta. Ya gane cewa ɗauke wuta bagatatan na rage wa ƙwai kwana, tunda fankar da za ta sanyaya shi ita ma ta tsaya, shi ya sa ya haɗa shi da UPS. Ya san sabon ƙwai da shara mai kyau kan dawo da yawancin hasken da ya gudu. Ya san ƙwan na ɗauke da zaiba mai guba, ba a taɓa shi da zafi, ba a kama gilashinsa da tsurar yatsa.

Amma sukudireba in ta shiga hannunsa ba ta san isa ba. Ya zaga shagunan titin Beirut a Kano, ya yi waya kasuwar Alaba, ya dawo ya shimfiɗa tabarma, ya zazzage cikin majigin kaf, ya hana kowa wucewa ta falo kwana biyu. Da ya mayar, noti uku suka yi saura. Ya ce daman ƙari ne kamfanin ya sa. Aka kunna, haske ya dawo tangaran, sai dai wani ɗigon ƙura ya maƙale a ciki, ya zauna daram a tsakiyar allo. Tun daga ranar duk jarumin da ya fito yana da tabo a goshi.

Mai neman hujja

Shi tuni ya gama yanke shawara, sa hannun uwargida kawai ya rage. Saboda haka ya zo da biro da takarda.

"Hajiya, duba nan. Na leza awa 20,000 yake yi. In awa uku muke kallo kullum, shekara 18 ke nan ba sayen ƙwai. Ai wannan tanadi ne."

"Alhaji, wannan ɗin ma da ka sayo shi ba haka ka ce ba?"

"To ai don yara ne, su riƙa kallon darasi."

"Kuɗin makarantarsu fa? Ga firji wata na biyu ke nan ba ya sanyi. Kuma awa ukun nan wa ke kallon su? Kai da ko sunayen 'yan wasa ba a gama nunawa kake fara minshari?"

Lissafinsa daidai ne. Nata ya fi.

Mai gasa da maƙwabci

Ya je barkar suna gidan wane, ya ga bango guda ya zama hoto, bai iya cin abincin ba. Cikin mako ya sayo majigin da ya fi na wane. Ya rataye shi a falo mai farin fenti, tayil na sheƙi, manyan tagogi ba labule mai kauri. Ba wanda ya gaya masa majigi ba ya haska baƙi: baƙin hoto shi ne duhun ɗakin, in ɗaki ya yi haske, hoto ya wanke ko nawa aka sayi na'urar. Sannan ya gano fim ɗin 4K a Netflix na iya lashe gigabait 7 a awa guda. Ya koma kallon shirye-shirye masu dogon zango a YouTube, ya sauke su zuwa 480p don tattalin data. Shadda ce mai tsada aka sa da silifas ɗin wanka.

Wanda ya sauya sheƙa

Ya gaji da hawa tsani, ya ce talabijin mai inci 98 na TCL ko Hisense zai saya: ana gani da rana tsaka, ba ƙwai, ba gurnani. Hujja ce mai ƙarfi. Bai dai auna kwanar bene ba, ga abu faɗinsa ya haura mita biyu. Yanzu haka ana jiran magini ya zo ya cire taga.

Mai zuga

Ƙanen maigida ne, ko ɗan 'yar uwarsa. Kullum ya shigo sai ya ɗaga kai ya yi tsaki.

"Yaya, wallahi girmanka ya wuce wannan abin. Mutum kamarka?"

Kada ka ɗauka ƙauna ce zalla. Tuni ya auna bangon gidan kallon da yake shirin buɗewa, ya tambayo kuɗin ƙwai, ya lissafa kawunan da za su biya ranar wasan Firimiya. A duk gidan, shi kaɗai ya san ainihin darajar tsohon majigin.

To, wanda ya ga kansa a jerin nan kada ya ji haushi, abin yi ba wuya. Shiga saiti ka ga awa nawa ƙwan ya yi. Share matacin, sa labule mai kauri, auna tazarar kujerarka, tambayo kuɗin ƙwai na asali. In an daina samun ƙwan, ko launin ya ɓaci ta yadda sabon ƙwai ba ya gyarawa, ko kuwa kullum kake kallo, kana da ɗaki mai duhu da abin kallo na 4K na gaske, to sayi na leza hankali kwance, ka ba ƙanenka tsohon ya ci abinci. In ba haka ba, ka sai masa ƙwai, ragowar kuɗin a gyara wa Hajiya firji.