Mushe, Zoɓon Nan Babu Sukari

A makarantar horon malamai ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, darasin asid da baz abu ne mai sauƙi. Ga takardar pH, ga kwalabe masu dogon wuya, ga wani ruwa da ake kira BBT: ka ɗiga shi cikin asid ya zama rawaya, ka ɗiga cikin baz ya zama shuɗi, ka rubuta sakamako ka tafi cin abinci. Da wannan ilmi a ka aka tura ni sitaj, wato koyarwar gwaji, wata kwaleji a yankin Dawce, bayan Matamaye, can kudancin jihar Damagaram, inda idan ka yi atishawa da ƙarfi mutanen Daura za su yi maka addu'a.

Na tambayi darakta ina laboratuwar take. Ya nuna mini wani kabad na ƙarfe a kusurwar ofishinsa. Makullin yana wurin wani malami da aka yi wa canjin wurin aiki tun bara, malamin kuma bai ɗaukar waya. Darakta ya ƙara da sharaɗi guda: tun gobarar da ta ci ajujuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021, ba ya son ganin ko tsinken ashana a harabar makaranta. A nan ban yi musu ba, domin ajina ma na zana ne.

Ƴan ajin ƙarshe aka ba ni, masu shirin jarrabawar BEPC. Sun iya karanto ma'anar asid da Faransanci tiryan-tiryan, har da waƙafi, amma ko ɗaya bai taɓa ganin sa ba. Ga shi kuma an sanar cewa konseye, mai duba aikin malamai, zai zo daga Matamaye ya ga darasina ya ba ni maki.

Inna, mai gidan da nake haya, ita ta cece ni ba tare da ta sani ba. Ina zaune ina tagumi na ga ta jefa kanwa cikin tukunyar yakuwa.

"Inna, me ya sa?"

"Malam, kai da ka yi boko har Yamai? Don ta kashe tsami mana."

Sai ƙwaƙwalwata ta buɗe. Jan da ke cikin zoɓo yana canza launi gwargwadon tsamin ruwa. Haka Robert Boyle na Ingila ya riƙa yi da ruwan furanni tun 1664, shekaru da yawa kafin wani ɗan Danmak mai suna Sørensen ya ƙirƙiro ma'aunin pH a 1909, a ɗakin binciken wani kamfanin giya. Wannan ɓangare na ƙarshe ban gaya wa Inna ba. Na dafa zoɓo mai kauri, ba sukari ba citta, na cika gora. Na sayi lemun tsami, na jiƙa kanwa, na ari kofunan shayi na gilashi.

Ranar ta zo da zafin Afrilu. Na ajiye gorar a ofis don kada yara su taɓa, na tafi share allo. Kafin in dawo, konseye ya iso bisa moto, rawaninsa duk ƙura, maƙoshinsa a bushe. Darakta mutum ne mai karamci. Ya waiga, ya ga gora ja-jawur, ya ce a ransa wannan yaron Yamai ya san girmama baƙo.

Na tarar da su suna kofi na biyu.

"Mushe," in ji konseye yana yamutsa fuska, "zoɓon nan naka babu sukari."

"Ranka ya daɗe, ai kayan aiki ne."

Ya dubi kofin, ya dube ni. "Wane irin aiki?"

"Na gwajin asid."

Ban taɓa ganin dattijo ya ajiye kofi da sauri haka ba. Darakta ya dafe ciki ya fara salati. Sai da na rantse, na kuma kurɓi sauran a gabansu, kafin hankalinsu ya kwanta. Da wannan kurɓar rantsuwa kayan gwajin suka ƙara raguwa.

Abin da ya rage na tsarma shi da ruwan randa na raba kofi uku. Konseye ya zauna a bencin gaba, takardar maki a kan gwiwa, yana sauraren cikinsa fiye da yadda yake saurarena. Na matsa lemun tsami a kofin farko: ja ya ƙara haske. Yara suka ce to. Na zuba ruwan kanwa a na biyu: nan take ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. Aji ya kaure.

"Mushe boka ne!"

Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu. "Mushe, ai kullum innata haka take yi a miya. Ita ma shimi take?"

Na ce ƙwarai, ita ma kimiyyar sinadarai take. Daga nan darasi ya ƙwace daga hannuna. Wannan ya ce tsamiya fa, wancan ya ce ruwan toka, wata ta ce kindirmo, wani ɗan baya ya ce sabulu. Suka jera su bisa layin pH da na ja daga 0 zuwa 14, suna gardama, yawancinsu kuma daidai. A ganina babu BBT ɗin da zai iya tada wannan gardama. Yaro ba ya musu kan abin da bai taɓa lasa ba.

Sai ɗan bayan nan ya tambaya: "Mushe, in aka haɗa su fa?"

Littafi ya amsa wannan: kanwa na ɗauke da kabonat, idan ta haɗu da asid sai iskar CO2 ta fito. Littafin bai ce komai ba game da girman kofin shayi. Na matso kusa da konseye don ya gani da kyau, na juye sauran lemun cikin kofin kanwa. Kumfa ta taso kamar nono a kan wuta, ta bi yatsuna, ta sauka kan takardar maki, ta zarce zuwa farar rigarsa.

Yara suka tafa. Wasu suka ce a sake.

Bai ce uffan ba sai da muka koma ofis. Ya shanya takardar a taga, ya jira ta bushe, ya rubuta 13 bisa 20 a gefen da ya tsira. Ya ce dabarar ta yi, ɗalibai sun yi magana, amma in riƙa liƙa wa kwalabena suna. Sannan ya sassauta murya ya tambaye ni ko kanwa na fitar da tabon zoɓo. Na aika aka tambayo Inna.

Mako na gaba darasin lantarki ne. Na shiga ofis da safe in nemi aron batir, na tarar darakta ya riga ya cire na rediyonsa ya zuba a aljihu.