Masu Sallama da Bango

Tun da ƙararrawa mai kyamara ta shigo Nassarawa GRA, irin wadda ake haɗawa da waya har mutum ya ga mai sallama ya kuma buɗe masa get daga duk inda yake, halayen da a da katanga ke rufewa suka fito bakin titi.

Ga Alhaji Sa-ido. Jikinsa na ofis a masana'antar fata a Challawa, ko ta roba a Sharada, amma ransa na ƙofar gida. Ana tsakiyar lissafin kuɗin dizal sai waya ta yi ƙara, ya ɗaga hannu: "Ku dakata." Ashe ɗan garuwa ne ya tsaya gyara tayar kura. Alhaji ya danna: "Kai, jarka nawa ka kawo jiya?" Akuya ma in ta gifta sai ta samu nata kashedin. Maigadi, Buzu mutumin kirki da ya saba dafa shayinsa a natse, yanzu da ya ɗan miƙe ƙafa sai bango ya yi magana: "Malam, barci kake?" Ko Umra Alhaji ya tafi ba a huta ba. Daga Madina zai bugo wa Hajiya ya tambayi wace ce mai jan mayafi da ta shiga bayan La'asar, me kuma ke cikin kular da ta fita da ita. Ibada dai ana yi, amma ido ɗaya na Kano.

Sai Injiniyan-kansa, wanda ya ce biyan mai haɗawa asara ce. Ya sayo tarkace a Beirut Road, ya kwana kallon YouTube, ya liƙa wa tsohon intakom ɗinsa 'yar na'urar Wi-Fi. Yanzu in ka danna ƙararrawa, injin rijiyar burtsatse ne ke tashi. Ranar da aka ɗauke wuta, batirin inbata ya mutu, maƙwabta sun gan shi yana haura katangar gidansa da babbar riga.

Hajiya Babba ba ta taɓa maɓallin ba, ba kuma za ta taɓa ba. Dutse take ɗauka ta daki ƙarfen get har a ji a Bompai. Saurayi mai zuwa zance kuwa sai ya karya hula, ya fesa turare, ya yi wa kyamara murmushi, bai san uban yarinyar ne ke amsawa ba. 'Yan Islamiyya su danna su ruga.

Duk waɗannan ana iya zama da su. Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne Mai-kallon-shiru. Ƙanin mahaifinsa ya taso daga ƙauye, ya ƙarar da kuɗin mota, ya tsaya cikin rana da takardar asibiti a hannu yana ta sallama. Shi kuwa yana falo cikin sanyin AC, yana kallon tsohon na share gumi, ya kife wayar. A da sai an tura yaro ya ce "wai ba ya nan", kuma ko yaron ma yakan sunkuyar da kai don kunya. Wannan ko ƙaryar ba ya wahalar yi.

Akwai kuma mu da muka saka na'urar don kada a bar mu a baya, data ta ƙare tun watan jiya, baƙo ya danna ya gaji, ƙarshe ya kira mu a waya mu fito da silifas mu zare sakata.