Malam Zai Je Ganin Teku

Mu dai a unguwar nan ba ma ɗaura kaya sai da dalili: biki, ta'aziyya, sari, asibiti ko Umara. Shi ya sa da aka ji wani maƙwabcinmu, malamin sakandare, zai kwashi iyalinsa zuwa Cape Coast ta ƙasar Gana a dogon hutu, tambayar farko a majalisa ita ce, "Malam, wa gare ka a can?" Ya ce ba kowa, gari kawai za su gani. Kafin magariba saƙo ya fara shigowa gidansa. Wannan a sayo mata atamfa, wancan a miƙa wa ɗan'uwansa kilishi a Kumasi, alhali Kumasi ba ma a kan hanyar take ba.

Ni kam ina bayan Malam, domin ya yi abin da ba mu cika yi ba, ya zauna ya tsara. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Gana, amma sai da fasfo da katin rigakafin shawara. In ta mota ce, daga Legas a bi Seme, Kwatano, Lome, a shiga ta Aflao: iyaka uku, ga canjin sefa, ga na sidi. Daga Akra kuma saura kamar kilomita 150 yamma. Ya kauce wa Mayu da Yuni saboda ruwa ya fi ƙarfi a lokacin, ya auna ƙarshen Agusta don su riski bikin Fetu Afahye na Fantawa, wanda ake yin babbar ranarsa a Asabar ta farkon Satumba.

Dattijon layinmu ne ya faɗi abin da ke ran mutane. "Ɗana, garin 'yan jami'a, ga bakin teku, ga Turawa, kuma da 'yan mata za ka?" Damuwarsa ba ta banza ba ce. Garin a sake yake. Tun 1962, zamanin Nkrumah, aka kafa jami'a a can don horar da malamai, ga tsofaffin makarantu irin su Mfantsipim inda Kofi Annan ya yi karatu, don haka matasa ne ko'ina. Da yamma za ka ga masu gashin rasta suna kiɗa a kan rairayi, baƙi na yawo da shigar da ba tamu ba, kowa harkar gabansa yake yi. To amma akwai zango, akwai masallatai, ana jin Hausa, da safe ga koko da ƙosai. A ganina gara yaro ya fara ganin irin wannan rayuwa yana riƙe da hannun ubansa, ya yi tambaya a ba shi amsa, da ya gan ta shi kaɗai a waya.

Abin da ya fi sa na so tafiyar shi ne farar fadar nan ta bakin teku inda a da ake tsare bayi, wadda Obama ya ziyarta a 2009. Ta gangare ake shiga kurkukun maza, ɗaki mai duhu da warin danshi, iska ba ta da hanya sai 'yan ramuka can sama. A ƙasa akwai kwata da aka yanka a daɓe don ƙazanta ta bi. A bisa kan wannan kurkuku aka yi coci, can sama kuma ɗakunan gwamna ne masu manyan tagogi suna shan iskar teku. Daga nan sai ƙofar da in bawa ya fita ba ya dawowa. Kada mu ɗauka labarin wasu ne. Da yawa daga waɗanda aka kai gaɓar nan daga arewa aka gangaro da su, wasu ta kasuwar Salaga, inda a da fatakenmu suka riƙa zuwa sayen goro. Yaran Malam sun cancanci su san wannan. Fadar Elmina ma, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, ba ta da nisa.

Sauran kuwa shaƙatawa ce. Dajin Kakum na da gadojin igiya guda 7 a saman bishiyoyi, mai jin jiri ya tsaya ƙasa. Mai son ganin masunta suna jan taru kada ya saka ranar Talata, ba a shiga teku ranar. Kuma ruwan yana da ja sosai, yaro ɗan tudu ya tsaya inda zai jiƙa sawu kawai.

Don Allah maƙwabta, a rage wa bawan Allahn nan saƙo. Mai son alheri ya ba yaran kuɗin guzuri, ya yi musu addu'ar sauka lafiya.